Fankar da Na Zaɓa a Gaban Goggo

Assalamu alaikum 'yan gidana, tsofaffin masu bibiya da waɗanda yau suka fara leƙo mu. Asama'unku ce ta Suleja. Yau kam da sanyin zuciya na zauna rubutu, abin da na kwana biyu ban yi ba.

Saboda baƙi, bari in ɗan koma baya. Ni tela ce, hijabi da abaya nake ɗinkawa a ɗakin Ummana. In na rufe keke kuma sai in ɗauki waya in buga gem, in ɗauki wasan a bidiyo, in ɗora murya ina bayani da Hausa, in saka a shafina. Tun ina makaranta abin ya shiga raina. To wayar ta gaji. Da na fara tseren mota sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, har sai na kwantar da ita a kan ledar ruwan sanyi kafin ta yarda mu ci gaba. Shi ya sa na ƙudura zan haɗa kwamfutar gem ta kaina, daidai ƙarfina, da abin da na tara a ɗinki. Akwatin da za a zuba kayan ciki ma na riga na saya, ɗan ƙarami baƙi, yana ajiye a ƙarƙashin teburin yanka.

Sai kuma Kamaluddeen. Yana aiki a wani kamfanin inshora a Abuja, kullum yana cikin masu bin cunkoson Madalla safe da yamma. Goggo Maiturare, yayar Abbana, ita ta haɗa mu, domin Hajiyarsu ƙawarta ce tun suna 'yan mata. Kada ku ce an matsa min, wallahi ina son sa. Mutum ne mai sanyin magana, in yana saurarenka har kunya kake ji ka yi ƙarya. Manya sun shiga maganar, saura sa rana. Amma ban taɓa gaya masa zancen gem ba. Kullum in ce sai zuwa na gaba.

Ana haka Goggo ta sauka daga Lambata da jakar turarukanta. Suna tsinkar alayyafo a tsakar gida Umma ta ce mata ai Asama'u ranar Asabar za ta je sayen kula. Goggo ta washe baki, ta ce yanzu ta san na yi hankali, ta shiga ba ni shawara in nemi mai saiti uku, mai bakin gwal, wadda tuwo zai kwana ciki da ɗuminsa. Na daɗe ina murza gefen zanina kafin na iya ce mata ba kular abinci ba ce, kular kwamfuta ce, fanka ce da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar injin don kada zafi ya ƙona ta.

Ba sai na gaya muku yadda aka kwashe ba. Goggo ta sa na jawo akwatin, ta leƙa ta ga fayau ba komai ciki, ta ce wato wannan fankon na zaɓa a kan kayan ɗaki. Ta ce in dangin miji suka ji amarya tana buga gem kamar samarin gidan kallon ƙwallo, ita da wace fuska za ta kalli Hajiya. Ta ce kuɗin ya isa a rage wani abu a kayan kicin. Umma dai ta ci gaba da tsinkar alayyafonta, ta san halin yayar mijinta.

Da Abba ya dawo daga kasuwa aka kai masa ƙara tun kafin ya cire hula. Ya saurari Goggo har ta gama, sannan ya dube ni.

"Guminki ne, ban hana ki ba," in ji shi. "Amma ba za ki shiga gidan mutum da ɓoyayyen abu ba. Ki gaya masa da bakinki. In ya ɗauka, shi ke nan. In bai ɗauka ba, gara ki sani yanzu."

Na rubuta saƙon nan na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura masa komai: shafin, bidiyoyin, akwatin, har da maganar Asabar. Na ga alamar ya karanta. Shiru. Na ɗinka hijabi guda hannu a baibai saboda leƙen waya. Sai washegari da yamma amsa ta shigo:

"Na gani. Asabar zan zo in kai ki shagon in sha Allah."

Shi ke nan fa. Ba 'yar fuskar murmushi, ba "ranki ya daɗe" da ya saba. Na karanta ta gaba, na karanta ta baya, ban gane ko fushi ba ne ko yarda. Da na nuna wa Goggo sai ta ce ita ma za ta, don kada in ƙarasa zubar mata da mutunci ba ta kusa.

Ranar Asabar na sa abaya ruwan zuma wadda na ɗinka da kaina, na yafa mayafi mai duhu, ko hoda ban iya shafawa da kyau ba saboda zufa. Kun san zafin Suleja kafin ruwa ya sauka. Kamal ya zo cikin yadi ruwan toka da hula zanna, ya durƙusa ya gaida su Umma, ya buɗe wa Goggo gidan gaba. Ni da akwatina muka shige baya. Har muka kai titin Maroko Goggo ce kawai ke magana, tana ba shi labarin irin tuwon da na iya da yadda ba na fita ko ƙofar gida. Sau ɗaya muka haɗa ido ta madubi, ya ɗauke kai.

Shagon na Barnabas ne, ɗan ajinmu a sakandare, yana gyara da sayar da kayan kwamfuta a saman wani bene. Mun riga mun gama magana da shi a waya, ya ajiye min kaya. Ya ba Goggo kujerar roba yana "Mama sannu, Mama zauna," ya karkato mata fankar shago, sannan ya jero min su a kan tebur: furosesa, wato ƙwaƙwalwar, 'yar ƙarama kamar biskit, allon da ake dasa komai a kai, katin hoto wanda shi ke zana wasan, da sandunan ram guda biyu, masu riƙe wa injin aikin da yake kan yi. Furosesar da katin hoton na hannu ne, tokumbo, don sababbi sun fi ƙarfina. Abu ɗaya kawai na nace sai sabo dal, shi ne akwatin wutar da ke ciyar da su duka, domin in shi ya yi tsiya da kowa zai tafi.

Saura fanka. Furosesar tokumbo ba ta zuwa da tata, dole ka saya daban. Barnabas ya sauko da iri uku. Biyu na iska ne, ƙarafa jere-jere kamar radiyetar mota da fanka a manne a gefe, ɗaya doguwa ɗaya gajera. Ta ukun kuwa ta ruwa ce, mai famfo da bututu biyu da fankoki uku a jere. Ya jona ta a wuta don mu gani, sai ga fitilu suna zagayawa, ja, shuɗi, kore. Har Goggo sai da ta gyara zama.

Tun shigowarmu Kamal yana tsaye a gefe hannu a aljihu. A nan ya fara magana. Ya nuna ta ruwan, ya ce a sa mana wannan, shi zai biya.

Goggo ta miƙo hannu ta ƙarƙashin mayafi ta mintsine ni a cinya. Na gane yaren: karɓi ki yi godiya.

Jama'a, ku tsaya ku ji abin da ke raina a lokacin. Na yi wata da watanni ina karatun abin nan. Akwatina ƙarami ne, ba wurin da za a ɗaura fankoki uku. Furosesata ba babba ba ce, zafinta bai kai a nemo mata ruwa ba. Sannan wannan ta ruwan tokumbo ce, ba wanda ya san shekarun famfonta. In ya tsaya ba sallama zai yi ba, in kuma bututu ya ɗiga a kan katin hoto, to na gama yawo. Ta iska kuwa fanka ce kawai za ta iya mutuwa, a canza ta, ƙura kuma buroshi ya ishe ta. Duk na san wannan. Amma ga mutumin da zan aura ya yi kyauta a gaban mutane, karo na farko da ya sa baki a abin da nake tsoron zai raba mu. In na ce to, an tashi lafiya, in dawo daga baya in roƙi Barnabas ya canza min a ɓoye. Sai na tuna yanzu-yanzu na fita daga ɓoyo ɗaya, ga shi zan faɗa wani.

"Na gode ƙwarai, Yaya Kamal," na ce. "Amma ba za ta yi min ba. Ta iska nake so."

Ya tambaye ni ko ba ita ta fi kyau ba. Na ce ta fi tsada dai, ta kuma fi ado, amma ba don irin injina aka yi ta ba. Na yi masa bayanin nan duka, kaina a ƙasa, ina ji Goggo tana sauke numfashi a bayana. Na ƙara da cewa ko doguwar ta iskan ma ban tabbata murfin akwati zai rufu a kanta ba sai an auna. Barnabas ya laluba durowa ya ce an ari tef ɗinsa ba a dawo da shi ba. Ni ma da nake tela, ranar na fito ba tef a jaka.

Kamal ya kalli fitilun nan da ke ta zagayawa, ya kalle ni, ya juya ya fita. Muna jin takunsa yana sauka daga bene.

Barnabas ya zare wayar fankar daga wuta, ya duƙufa neman wani sukuru da ban ga ya ɓata ba. Goggo kuwa ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi min sauƙi. A hankali ta ce na kyauta. Ta ce namiji ya buɗe baki a kasuwa zai yi miki abu ki tsaya kina karanta masa darasi a gaban ƙato, ta ce ko ita ce shi ba za ta dawo ba. Ta ce in shirya abin da zan gaya wa ubana, don ita ba da bakinta ba.

Na juya baya ina kallon kwalayen da ke jere a kanta don kada su ga idona. Abin da ya fi ci min rai shi ne ban ji na yi kuskure ba, amma kuma ji nake kamar an zare min wani abu a ƙirji. Na ce a raina, Asama'u, kin zaɓi fanka kin saki miji. Na laluba waya, ba saƙo. Na fara lissafin yadda zan tare mai Keke Napep da Goggo da akwati.

Sai ga taku yana hawowa.

Ya shigo yana haki kaɗan, da tef ɗin tela rawaya rataye a wuyansa a kan yadin nan mai guga. Ashe layin teloli ya tsallaka ya aro, har sai da ya bar musu makullin mota jingina. Ya miƙo min kan tef ɗin ya ce, "Ina za a auna? Ni zan riƙe nan."

Ban san lokacin da dariya ta kufce min ba, da hawaye a haɗe. Na goge da gefen mayafi, muka duƙa kan akwatin. Ya riƙe, na ja. Doguwar ta zarce da kamar faɗin yatsa, da na saye ta da murfi bai rufu ba. Gajerar kuwa ta zauna har da ɗan sarari, kuma ba ta taɓa sandunan ram ba. Barnabas ya ce ita ma ta ishi wannan furosesar har ta yi saura. Na ce a ba ni ita.

Lokacin azahar ya yi, matar mai shagon kusa ta ja Goggo ta ba ta buta da darduma. Kafin Kamal ya sauka masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, inda Barnabas ke ganinmu amma ba ya ji.

"Ni fa ban san komai a harkar nan ba," ya ce. "Wani abokin aikina na tambaya, ya ce in an je a nemi ta ruwa, ita ce ta manya. Tun da kika turo saƙo nake kallon bidiyoyinki a hanya, na rasa me zan ce, shi ya sa na yi shiru. Ban taɓa jin kina magana da ƙarfin gwiwa haka ba."

Na tambaye shi ko ya ji haushi da na ƙi.

"Na ji mana," in ji shi. "Har na kai ƙasan bene ina jin sa. Sai na ga da kin karɓa kina murmushi alhali kin san ba ta da amfani, da haka za mu yi ta zama ban san gaskiyarki ba. Wannan ya fi ba ni tsoro."

Ya ce amma zancen ɓoyewar da na yi tun farko yana nan, za mu zauna a kansa. Na ce na yarda. Ya sauka, ni kuma na jingina da bango.

Bayan salla ya tambaya ko akwai abin da nake buƙata da gaske. Na ce babu, so nake injin ya zama nawa tun daga sukuru. Goggo ta sake miƙo hannun mintsini, na goce. Barnabas ne ya raba gardama, ya ce da yadda ake ɗauke wuta a unguwarmu ba sallama, in ba ni da batirin ko-ta-kwana da zai riƙe injin har in kashe shi da kyau, wata rana zan yi kuka. Wannan kam gaskiya ne, na sa shi a raina sai bayan bikin sallah. Na kalli Kamal na ce to, wannan ina so, na gode. Yadda fuskarsa ta saki sai ka ce shi aka yi wa kyautar.

Ni na haɗa da hannuna, Barnabas yana tsaye yana duba ni. Na kwantar da furosesar a gurbinta ina bismilla, na ɗiga mata man da ke kai zafi daga jikinta zuwa ƙarfen fanka, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Da na zo ɓare ledar da ke manne a gindin fankar Goggo ta yi tsalle ta ce sabon abu zan cire wa leda, ita rediyonta shekara nawa da ledarsa. Na ce Goggo wannan in an bar ta injin ne zai dahu. Ta ce ai sai ku yi ta yi. Amma ta jawo kujerarta kusa. Kamal ne mai haska min fitilar waya, yana miƙo sukuru ɗaya-ɗaya, ina ɗaure kusurwa da kusurwa a hankali don kada gefe ɗaya ya danne.

Muka jona allon kallo, na danna maɓalli. Fanka ta juya, allo kuwa baƙi ƙirin. Muka jira. Ba komai. Na ce shi ke nan tokumbo ta ci ni. Barnabas ya ce in kashe in sake danna ram ɗin, wani lokaci ba sa zama daidai. Na danna na farko, lafiya. Na danna na biyu sai na ji ƙas, ashe bai shige ba. Na sake kunnawa. Rubutu ya fito fari tas a kan allo.

"Alhamdu lillahi," in ji Goggo, kafin kowa. Da muka juya muna kallonta sai ta ce ita don kuɗin da aka zuba ta faɗa.

Barnabas ya ɗora manhaja, ya sa wa injin wani gwaji mai nauyi don mu ga iyakar zafinsa. Shagon kamar tanda, rufin kwano ne a samanmu, ga rana tsaka. Na kafa wa lambar zafin ido. Ta hau, ta hau, ta kai sittin da 'yan kai, ta tsaya. Muka sha lemo muka dawo, tana nan inda take. Fankar kuwa sai ka kai kunne kusa kafin ka ji ta. Na sa tafin hannu a bayan akwatin, iska mai ɗumi tana fita a nutse. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

A hanyar dawowa Goggo ta yi barci a gidan gaba. Ni ina baya na rungume injina a cinya saboda ramuka, Kamal yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai. Wannan karon da muka haɗa ido ta madubi bai ɗauke kai ba, ni ce na ɗauke.

Abba yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa muka shigo. Ya ga Kamal ɗauke da batiri, ya ga ni da akwati, bai tambayi komai ba, ya ce dai Allah ya sa albarka. Bayan Kamal ya tafi na share rabin teburin yanka, na kafa injin kusa da keken ɗinki, na jona masa allon kallo, na kunna. Umma ta leƙo tana tambaya wai ina ake zuba masa ruwan, na ce Umma wannan ba ya sha. Wayata ta yi ƙara: "Ranki ya daɗe, injiniya. Ya fanka?" Na rubuta masa, "Tana gaishe ka."

Ana shirin kiran magariba wayar Goggo ta ɗauki ruri a tsakar gida. Na ji ta ce, "A'a, Hajiya, yanzu nake cewa zan kira ki," sai ta yi zaure da wayar, muryarta ta yi ƙasa. Ta daɗe. Da ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗaki riƙe da labule, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Mutumin naki ya je ya zayyane wa uwarsa komai," ta ce. "Har bidiyon ya kunna mata."

Na ce to me ta ce, Goggo?

"Ba ta ce komai ba. Cewa ta yi gobe da hantsi za ta zo da kanta ta ga abin, kuma ke za ki kunna mata."

Ta saki labule ta tafi alwala. Na juya na kalli allo. Injina yana nan sanyi ƙalau, fanka tana juyawa abinta. Ni ce zufa ta fara karyo wa.